Motar Da Wutsiyarta Ke Riga Kanta

Duk wanda ya taɓa shan shayi a rumfata da ke unguwarmu a Margilan ya san Tursunali. Wanda bai gan shi ba ya ji muryarsa. Shekara da shekaru ya yi yana ɗaga sandar ƙofar garejin motocin haya yana sauke ta, kuma tun da kowace mota ta bi ta gabansa safe da yamma, sai ya yanke wa kansa hukuncin cewa babu injiniya irinsa a kwarin Fargana kaf. Idan mota ta wuce a titi, zai ajiye kofinsa, ya karkata kunne, ya gaya mana ciwon da ke damunta da lokacin da za ta mutu. Ba mu taɓa bin wata mota mun tabbatar ba, shi ya sa bai taɓa yin kuskure ba.

Tasa motar gadon mahaifinsa ce, tsohuwar Volga baƙa mai ɗan gunkin barewa a kan bonet, don haka kowa ke kiranta Barewa. Ta girmi matarsa. Ta daɗe tana hutawa a ƙarƙashin rumfar inabi, kaji suna ƙwai a kujerar baya, kuma da an bar ta a haka da babu labarin da zan ba ku.

Sai 'yarsa Dilbar, wadda ke aure a ƙauyen da ke hayin babbar magudanar ruwa, ta haifi ɗanta na fari. Kamar yadda aka saba, gidan iyayen mai jego ne ke kai beshik, gadon lilon jariri, ranar arba'in, da kakaki da ganga da gurasa da kayan zaƙi. Beshik ɗin gidan Tursunali kuwa ba na kasuwa ba ne. Na itacen tut ne, wanda tsutsar siliki ke cin ganyensa, mahaifinsa ya sassaƙa da hannunsa. A ciki aka yi renon Tursunali, a ciki aka yi renon Dilbar.

Wata ranar Juma'a surukinsa Haji Mirzakarim, mahaifin mijin Dilbar, mai shagunan yadi, ya zo rumfata. Mutum ne mai taushin baki, irin wanda zai taka ka yana ba ka haƙuri. Ya dafa ƙirji ya gaida kowa, ya zuba wa Tursunali shayi da hannunsa, sannan ya ce, "Kuda, kada ka wahalar da kanka. Zan aiko da farar motata ta ɗauko beshik. Taka ta huta, ai ta yi aikinta a duniya."

Kuda dai shi ne yadda iyayen ma'aurata ke kiran juna, kuma ban taɓa jin kalmar ta yi ɗaci kamar ranar ba. Tursunali ya miƙe tsaye har hularsa ta karkace. Ya ce a wannan motar mahaifinsa ya ɗauko shi daga asibiti, a cikinta shi ma ya ɗauko Dilbar, kuma a cikinta zai kai gadon jikansa har ƙofar gidan Haji, da hannunsa, a kan idon kowa. Ya ƙara da cewa in ya gama yi mata aiki, farar motar Haji ko ƙurarta ba za ta gani ba. Haji ya yi murmushi ya ce Allah ya kai mu.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na Tursunali, kuma katangar ba ta riƙe sirri. Da yamma na ji matarsa Mastura tana gindaya sharaɗi.

"Baban yara, ba zan ɗora gadon jikana a kan akurkin kaji ba. Jajibirin ranar za ka kai ni kasuwa a cikinta ka dawo da ni. In na dawo da ƙashina cif, shi ke nan. In ba haka ba, motar Haji ce."

"Ke da ba ki san birki da totur ba, ke ce za ki yi wa mota jarrabawa?"

"Na san rami in na faɗa ciki."

Washegari aka kori kaji, aka fara aiki. Ya cire tsohon injin ya dasa na wata ƙaramar bas, mai ƙarfi ninki biyu. Kowa a nan da gas yake tuƙi, kowa da tukunyar gas ɗaya a but. Tursunali ya ce ɗaya ta masu tsoro ce, ya ɗaure manya guda biyu, can ƙurya kusa da bambar baya. Ya sayo sababbin tayoyi masu faɗi, amma biyu kawai aljihunsa ya iya, sai ya sa su a gaba. Da Holmat mahauci ya tambaye shi dalili, ya ce mota kamar mutum ce, fuska ake kallo. Tayoyin baya kuwa tsofaffin mahaifinsa ne, sun yi sumul kamar kan jariri.

Fitar farko, ni da Holmat muka raka shi gidan gas. Dokar wurin kowa ya san ta: fasinja ba ya shiga, sai ya sauka a ƙofa ya zagaya ya jira a mafita. Saboda haka mafitar kullum cike take da jama'a, suna tsaye a inuwa suna cin samsa, samosarmu ta nama, ba su da abin kallo sai motocin da ke fitowa. Barewa ta fito tana walƙiya, tukwanenta a cike. Tursunali ya ga taro, ya ɗago mana hannu, ya murɗa sitiyari zai hau titi, ya taka totur.

Kan motar ya yi kwanar yadda aka umarce shi. Wutsiyar kuwa ta ga ba ta yarda a bar ta a baya ba. Ta zame waje, ta zagayo, tayoyi suka yi kuka, ƙura ta tashi. Da ƙurar ta lafa sai ga Barewa tsaye tana fuskantar inda ta fito, gunkin barewar yana kallon mai zuba gas ido cikin ido. Mutumin ya matso ya leƙa taga, ya tambaya da ladabi ko a ƙara ne.

Tursunali ya ce gwajin birki yake yi. Holmat ya ce shi da ƙafa zai koma, likita ya ce ya riƙa tattaki.

Da rana aka yi zaman binciken ciwo a rumfata. Tursunali ya ɗauki butar shayina ya ɗora a faranti, ya ce ga mota. Ya tura ta ya karkata, ya nuna mana yadda bayan ke zamewa waje a kwana, hancin kuma ya shige ciki fiye da yadda aka murɗa sitiyari. Har nan gaskiya ya faɗa, domin duk mun gani. Sai ya ɗaga yatsa ya ce dalilin a fili yake: wutsiyar ta yi sauƙi, nauyi take so.

Holmat ya ce, "Aka," wato yaya, "ni dai tumakin da nake saye, mai ƙaton kitsen wutsiya in ta yi kwana da gudu, wutsiyar ce ke kayar da ita."

"Mota ba tunkiya ba ce."

"Ai shi ya sa tunkiya ke isa gida."

Aka yi dariya, har dattijon unguwarmu Ergash-ota, wanda kunnensa ya yi nauyi, ya yi dariya don ya ga ana yi. Tursunali ya ce ranar da aka fara yanka motoci ana rataye su a kan ƙugiya, ranar zai nemi shawarar mahauci.

Ya sayo buhunan albasa ya danna a but, a kan tukwanen gas, har murfin ya ƙi rufuwa ya ɗaure shi da igiyar shanya. Ya nufi shataletalen kasuwa. Ni ina kan keke a bayansa, don ba na son a ba ni labari. Ya shiga shataletalen lafiya, ya kai rabi lafiya, sai wutsiya ta tuna da aikinta. Wannan karon sau ɗaya da rabi ta juya. Igiya ta tsinke, buhuna suka fashe, albasa ta bazu ko'ina tana gangarawa ta kowace hanya. Matan da ke dawowa daga kasuwa suka buɗe jakunkuna suna masa addu'a, sun ɗauka sadaka ce. Ɗan sandan hanya ya zo yana taka albasa a hankali, ya tambaye shi ko ya sha wani abu. Tursunali ya yi masa bayani mai tsawo da hannu biyu, har mutumin ya gaji ya ce ya tafi kawai, amma ya share titi tukuna.

Na ɗauka zai saduda. Da yamma ya shigo rumfa yana share gumi, ya ce gwajin ya yi kyau ƙwarai. Nauyin daidai yake, ɗaurin ne bai yi ba. Ya sayo wata albasar, ya ɗaure ta da waya. Kuma ya gano ciwo na biyu: sifirin ɗin baya ya yi laushi.

Ya je inda ake yanka tsofaffin tirelolin auduga ya kwaso ƙarafan sifirin masu kauri, ya ƙara a kan na motar. Bayan Barewa ya ɗaga sama, hancinta ya duƙa ƙasa, kamar kaza mai tono. Ya ce yanzu ko giwa aka ɗora ba za ta motsa ba. Ya rantse mini, ya haɗa ni da zumuncin maƙwabtaka, har na yarda na shiga kujerar baya.

Ba na son tuna tafiyar nan. Duk tsakuwar da muka taka sai da na ji ta a haƙorana. Tursunali yana tuƙi yana waiwayowa yana tambayata ko na ji bambanci, ina ce masa na ji, ya kalli gaba. A kwanar gidan burodi wutsiyar ba ta ma tsaya zamewa ba, tsalle ta yi. A daidai wurin kuma mai kankana ya jera kayansa tsibi guda, ya daɗe yana gyara su. Da na buɗe ido sai na ga jan ruwa yana bin gilashi, na ɗauka jinina ne, na fara kalmar shahada. Ranar duk unguwa ta sha kankana a aljihun Tursunali.

Mastura ta leƙo ta kan katanga ta tambaye ni yaya motar. Na ce da sauƙi. Ta kalli ƙullutun da ke goshina, ta ce ta gani.

Ciwo na uku da ya gano shi ne tayoyin baya sun sha iska da yawa. Ya sassauta su har suka kwanta. Barewa ta fita tana rangaji kamar agwagwa, kuma tun kafin ta kai kwanar masallaci taya ɗaya ta zare daga ƙarfenta ta yi gaba ita kaɗai, ta shige tsakar gidan liman. Mai faci ya mayar da ita, ya cika duka biyun yadda ya saba cika wa kowa, bai tambayi ra'ayin Tursunali ba.

Lokaci ya ƙure. Mutumin ya fara ramewa, kuma a gaskiya ya ba ni tausayi, domin na san ba motar ce ke cin ransa ba. Ya taɓa ce mini, muna mu biyu, tun da Dilbar ta shiga gidan masu kuɗi duk abin da ya kai mata sai ya tarar akwai wanda ya fi shi a can. Beshik ɗin nan ne kaɗai abin da Haji ba zai iya saya ba. Ya faɗi haka, ya ga ina kallonsa, sai ya yi maza ya koma zancen shokazoba.

Sai ya zo da bincike na ƙarshe. Ya ce ya duba ƙarfe, ya duba roba, ya duba iska, babu laifin ko ɗaya. Saura abu ɗaya, kambun baka. Wa ya ce motar ta yi aikinta a duniya, a gaban shaidu? Ya aika aka kira tsohuwar da ke yawo da kaskon hayaƙin isirik, ciyawar korar kambun baka, a kasuwa, ta turara Barewa ciki da waje har maƙwabta suka fito da bokitin ruwa. Ya rataya barkono ja a madubi. Sannan, don kada a ce malamin inji ya dogara da hayaƙi kawai, ya shiga ƙarƙashin motar ya ɗan murɗa wani noti da shi kansa bai san aikinsa ba.

Jajibiri ya zo, ranar jarrabawar Mastura. Tun da safe ita da matan da ke taya ta girki sun kwance wayar but sun kwashe albasar kaf don abincin biki, ba su gaya wa kowa ba. Holmat kuma zai bi su kasuwa ya zaɓo ragon da za a kai. Holmat mutum ne da in ya shigo rumfata sai an matsar da teburi. Ba zai zauna kusa da matar wani ba, don haka Mastura da ƙanwarta suka shiga baya, shi ya cika kujerar gaba, har hancin motar ya ƙara duƙawa.

Muka fito bakin titi mu ga yadda za ta ƙare. Barewa ta yi kwanar masallaci sumul. Ta yi ta gidan burodi, mai kankana ya rungume kayansa, amma ta wuce kamar amarya. Ta zagaya shataletale ta dawo, wutsiya tana bin kai da biyayya. Tursunali ya fito yana tafiya kamar wanda ya ci yaƙi. Ya ce hayaƙi ya yi kashi ɗaya, notin ya yi sauran. Mastura ta taɓa haƙarƙarinta ta ji suna nan, ta ce magana ɗaya take yi, Barewa ce za ta kai. Duk rumfar muka yarda da noti da hayaƙi. Babu wanda ya kalli tumbin Holmat, balle ya leƙa but.

Ranar arba'in aka tashi da kakaki. Aka naɗe beshik da jan karan-miski, aka ɗora shi a kan rufin motar aka ɗaure. But kuwa, tun da an same shi babu albasa, sai mata suka ga wuri. Aka sa babbar tukunyar ƙarfe ta dafa osh, dafa-dukar shinkafar biki, da buhun shinkafa, da buhun karas, da gurasa jere-jere a ƙunshe cikin mayafi. A saman duka aka kwantar da ragon Holmat, a ɗaure, da jan ƙyalle a ƙahonsa. Tursunali ya duba lodin ya ce madalla, wutsiya ta samu abin da take so.

Sai batun zama. Holmat ya kama ƙofar gaba, ya ce jiya nan ya zauna kuma ya ji daɗin wurin. Tursunali ya ɓata rai.

"Jiya kasuwa muka je. Yau gidan surukai za mu. Kana so a ce mun ajiye dattijon unguwa a baya, mahauci a gaba?"

Maganarsa gaskiya ce, babu mai ja. Kujerar gaba ta babba ce. Aka ɗauko Ergash-ota, wanda da shi da rawaninsa da sandarsa ba su kai nauyin cinyar Holmat ba, aka ajiye shi a gaba a kan matashi don ya riƙa ganin hanya. Ni da Holmat muka cusa kanmu a baya. Bambar motar ta kusa taɓa ƙasa. Mata suka shiga bas a bayanmu, masu kakaki suka hau buɗaɗɗiyar mota a gabanmu, aka kama hanya.

Hanyar ƙauyen miƙaƙƙiya ce tsakanin gonakin auduga, don haka Barewa ba ta samu abin faɗa ba. Tursunali yana tuƙi da hannu ɗaya, yana yi wa Ergash-ota bayanin noti, dattijon yana gyaɗa kai yana cewa amin. Kwana ɗaya ce tak a tafiyar: da an haye gada sai a karya dama, a bi gefen magudanar ruwa zuwa ƙofar Haji.

Gidan Haji kuwa sun san darajar baƙi. Tun asuba suka share layin, suka yayyafa masa ruwa kamar yadda ake yi wa duk baƙon kirki. Amma su masu hali ne, ba da bokiti suka yi ba, tiyo suka ja tun daga ƙofar gida har bakin gada. Jar ƙasar layin ta zama santsi tana sheƙi.

Daga kan gada muka hango taron. Maza a jere hannu a ƙirji, mata da farantan gari, yara a kan katanga, Haji a tsakiya, farar motarsa a gefe an wanke ta. Na ga wuyan Tursunali ya miƙe. Holmat ya ce, "Aka, a hankali." Tursunali ya ce yanzu za su ga ƙura. Ya danna hon, ya karya dama, ya taka totur.

Babu ƙurar da aka gani, domin an jiƙe ta. Wutsiyar ta fita a hankali, cikin natsuwa, kamar ta daɗe tana jiran ranar. Na ga gonar auduga ta wuce ta gilashin gaba, sannan gada, sannan bas ɗin mata da fuskar Mastura a jikin taga, sannan taron Haji, sannan auduga kuma. Tursunali yana murɗa sitiyari hagu da dama yana kiran sunan mahaifinsa. Daga nan muka fara tafiya da baya. Wutsiyar da ta daɗe tana son riga kai isa ta samu biyan bukata, ta gangara cikin magudanar ruwa ta zauna daram. Hancin motar ya ɗaga, gunkin barewa ya nuna sama.

Ruwan bai wuce ƙugu ba, amma sanyinsa daga duwatsu yake zuwa. Ya shigo mana ta ƙofofin baya. Murfin but ya ɓalle, rago ya kuɓuce ya haye gaɓa ya shige auduga da jan ƙyallensa. Gurasa ta fito ɗaya bayan ɗaya ta bi ruwa, ta wuce ta gaban gidan Haji a jere, ita kaɗai ce ta isa a kan lokaci. Masu kakaki kuwa bakin kakakinsu na sama, idanunsu a rufe, ba su san abin da ake ciki ba, suka ci gaba da busa mana kirari.

Ergash-ota, da yake shi yana can sama a bushe, ya gyara rawani ya tambaya ko mun iso.

Kowa kuwa rufin motar yake kallo. Igiya ta saki. Beshik ya sulale ta baya, ya daki gefen gaɓa, ya yi juyi ɗaya, ya kwanta a cikin laka. Dariyar da ta fara tashi ta tsaya cak.

Tursunali ya fita ta taga. Ya faɗa ruwa, ya taso, ya rarrafa gaɓa da takalmi ƙafa ɗaya. Ya buɗe karan-miskin, ya shafa katakon daga kai har ƙafa. Gadon yana nan, sai dai lanƙwasasshen katakon da yake lilo a kai, na wajen ƙafa, ya tsage ya ɗan goce.

Mastura ta sauko daga bas ta tsaya a kansa. Na jira abin da za ta faɗa, duk muka jira, sai ta sa gefen mayafinta ta goge lakar da ke jikin katakon. Haji Mirzakarim ya iso yana tattare rigarsa. Ya yi wa Allah godiya da babu wanda ya ji ciwo, sannan ya juya ya yi wa direbansa alama.

"Kuda, abin da ya rage ba nisa. Bari a kawo motata."

Tursunali ya kalli farar motar, ya kalli tasa da ke zaune a ruwa. Sai ya duƙa, ya ɗaga beshik ya ɗora a kafaɗarsa ta dama.

"Na ce da hannuna," ya ce.

Ya kama hanya cikin santsi, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, ruwa na zuba daga wandonsa. Ergash-ota, da aka sauko da shi, ya ga mutum ɗauke da beshik a kafaɗar dama, ya ce yawwa, haka kakanni ke yi tun kafin a ƙirƙiro mota, ya bi bayansa da sanda. Masu kakaki suka buɗe ido suka ga tafiya ta kankama, suka shiga gaba. Mu ma muka bi, ni da Holmat, muna ɗiga. A ƙofar gida mata suka shafa mana gari a fuska kamar yadda aka saba. A fuskar Tursunali garin ya haɗu da laka, ya zama kamar gurasar da ba a gasa ba.

Osh ɗin gidan Haji muka ci, tun da namu yana cikin ruwa. Kafin a gama cin abinci tarakta ta jawo Barewa waje, kuma kafin a sha shayi Tursunali ya farfaɗo. Ya bayyana wa teburinmu cewa motar ba ta da laifi, shi ma ba shi da laifi, ruwan da aka zuba ne ya wanke hayaƙin. Holmat ya tambaye shi notin fa. Ya ce notin ne ya sa muka faɗa da baya, da babu shi da ka za mu shiga.

Can da la'asar, bayan tsofaffin mata sun gama hidimarsu sun kwantar da jariri, aka kira kakanni maza su gani. Na bi su na tsaya a bakin ƙofa. Dilbar tana zaune a gefen beshik, idanunta sun faɗa don rashin barci. An ce yaron tun da aka haife shi bai yarda kowa ya runtsa ba, har Haji ya sayo gadon zamani mai kiɗa, ya ƙi.

Ta tura beshik ɗin a hankali. Saboda katakon da ya goce, ba ya lilo daidai. Wajen kai ya tafi dama ya dawo, wajen ƙafa kuma ya ɗan zame waje, ya zagayo, sannan ya biyo baya. Ni da Holmat muka kalli juna, domin mun san wannan tafiyar a jikinmu. Yaron kuwa ya yi hamma, ya saki hannu, ya yi barci har da ɗan minshari.

Tursunali ya karkata kunne. Ya durƙusa, ya leƙa ƙarƙashin gadon, ya gyaɗa kai irin na masana. Na ga hannunsa ya shiga aljihun rigar da Haji ya ara masa, ya fito da sifana. Har yau ban san yadda aka yi ta biyo shi daga cikin ruwa ba.

"Na gano ciwon," ya ce da raɗa. "Bayan ne. Nauyi yake so."

Dilbar ta kama wuyan hannunsa. Ta zare sifanar ta miƙa wa uwarta, sannan ta ɗora tafin hannunsa a kan sandar beshik, inda hannun mahaifinsa ya sassaƙa, ta danne da nata.

"Baba, kada ka gyara," ta ce. "Ka tura kawai."

Ya zauna a ƙasa ya tura. Har muka tashi tafiya yana nan yana turawa, bakinsa a rufe, don kada ya tashi yaron.